Guntun Cibiyar Afra'u

Ikilima 'yar Kwandere ce, kuma tun tana ƙarama hannunta ya saba da mulmule, don uwarta, Inna Rekiya, ƙuli-ƙuli take soyawa. Ni maƙwabciyarsu ce, na sha ganinta tana murza tunkuza tana karatu, mai duk ya ɓata littafin. Yau ga ta da farar riga a wani ɗakin bincike a Lafiya, amma har yanzu ba ta rabu da dunƙule-dunƙule ba.

Aikinta rainon wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, waɗanda ke iya rikiɗa su zama ƙashi ko guringuntsi. Ta ce mini in an shimfiɗa su a faranti sai su baje, su tsufa da wuri. In kuwa an ɗiga su a murfin farantin aka kife shi, sai su taru a ƙasan ɗigon su cure, ƙarfinsu ya daɗe bai ragu ba. Burinta wata rana su taimaki masu gyambon da ya ƙi warkewa.

To amma a igiyar cibiyar jariri take samo su, kuma wa zai ba ka cibiyar ɗansa? Ta roƙi masu jego har bakinta ya gaji. Wata ma cewa ta yi tsafi za a yi da ita. Shugabanta ya ce in shekara ta ƙare babu cibiya, za a rufe aikin.

Allah da ikonsa, lokacin ita ma tana da ciki. Ranar da ta haifi Afra'u, da yardar mijinta, ta sa aka yanki guntun cibiyar aka ba abokin aikinta Terkimbi ya raina mata. Inna ta yi tsalle ta dire.

"Rabin cibiya zan binne? In yarinyar nan ta girma, ina za ta kira gida?"

Ta binne sauran a gindin mangwaro, ta daina yi wa Ikilima magana sai gaisuwa. Ni kaina bayan tsohuwa na bi, don abin ya ba ni tsoro.

Bayan arba'in Ikilima ta lallaɓa Inna, muka hau keke-napep mu uku zuwa ɗakin binciken. Ta zaunar da ita gaban na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa. Inna ta kanne ido ɗaya, ta daɗe tana leƙe.

"Wa ya mulmula waɗannan?"

"Su suka haɗa kansu, Inna. Na Afra'u ne. Suna da rai."

Inna ta sake leƙawa, ta goge ido da bakin mayafi. Ni ma sai da na ji ƙwalla.

"To, ki faɗa wa ogan naku kada ya kuskura ya rufe ɗakin nan," in ji ta. "Jikata gida biyu gare ta."