Tsoffin Injinan Shagona da Aikin Ƙanwata

Ina da shagon wasan ƙwallo na ordinata, wato kwamfuta, a bayan tashar Madawa. Injinan sun tsufa; da wasa ya yi zafi sai hoton ya riƙa sarƙewa, samari su yi tsaki su fice. Har na fara neman mai saye.

A lokacin ƙanwata tana gida ba aiki. Ta gama karatun ordinata a Yamai, ta zaga da takardunta har ta gaji. Abin yana cina a rai, don ni na tsaya kai da fata aka bar ta ta yi karatun.

Wata rana ta kawo mini abinci, ta zauna gaban inji ɗaya ta daɗe.

"Yaya, kada ka sayar," in ji ta. "Katin da ke zana hoto lafiya lau yake, zaman jira yake yi. Ƙwaƙwalwar injin ce ta gaji. Akwai manhajar da ke kai saƙo tsakaninsu, ita ke sa ƙwaƙwalwar maimaita bincike iri ɗaya kafin kowane hoto."

"To mi za a yi?"

"Masu ita sun bar ta a buɗe, kowa na iya gyarawa. Ba ni lokaci."

Duk damina ta yi tana kai. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke sai ta ci gaba a takarda. Da ta gama, wasan ya riƙa tafiya sumul. Ta aika wa masu manhajar gyaran, suka mayar da shi sau biyu, sannan suka karɓa.

Bayan girbi suka rubuto cewa suna ɗaukar injiniyoyi don rage wa ƙwaƙwalwar inji irin wannan nauyi. Ta nemi aikin. Ranar da za su yi mata tambayoyi ta intanet, rezo ya ƙi a unguwarmu. Na goya ta a babur zuwa shagon wani abokina a bakin titi, na tsaya waje ina korar masu hayaniya.

Ta fito tana gyara mayafi.

"Sun ɗauke ni. Kuma daga gida zan riƙa yi."

Sai na zauna kan benci. Da muka gaya wa Inna, ta ɗaga hannu ta gode wa Allah, sannan ta tambaya ko za su riƙa barinta ta tashi sallah.