Ranar da Kawu ya ɗaga murfin tukunya

"Tashi mu tafi," in ji Kawu, ya ture kujera baya.

Ko ruwa ba mu sha ba. Ni na kawo shi wani ƙaramin gidan abincin mutanen Girka a unguwar Al Quoz, bayan ya gama duba kayansa a sito. Ya nemi takardar jerin abinci, aka ce babu. Nan take ya ɗaure fuska.

"Ka kawo ni inda za a ɗura min alade ban sani ba?"

Kawu ne ya riƙe ni tun rasuwar Baba, kuma in ya yi fushi sai a shekara bai amsa gaisuwarka ba.

Dattijon da ke da wurin ya matso. Na fassara masa abin da Kawu ya ce. Bai ji haushi ba, sai ya nuna ƙofar kicin, ya ce:

"A ƙauyenmu na kan dutse, inda ake hango teku a ƙasa, in aka miƙo maka takarda, abincin 'yan yawon buɗe ido ne. Na gaske sai ka shiga ka ɗaga murfi da hannunka. Yalla, mu je."

Kawu fa ko kicin ɗin gidansa ba ya shiga. Ya tsaya ƙyam, ni ina ta salati a zuci.

Can sai ya taka ya shiga. Ya ɗaga murfi, ya daɗe yana leƙawa.

"Kai, ashe kuɓewa ce da naman rago! Ce masa ya zubo."

Wanda ya buɗe maka tukunyarsa ya gama yi maka rantsuwa. Da ku ne, shiga za ku yi ko kama hanya?