Ranar da Na Share Ƙasar Kaka

Warin baƙin taɓo ne ya dawo mini da abin. Bana da rani wasu malaman jami'a suka zo fadamar bayan gidanmu, can tsakanin Nguru da Gashuwa, da dogon bututun ƙarfe. Su kafa shi a ƙasa, su murɗa, su zaro, sai ga laka a ciki hawa-hawa. Na je kai wa ƙanena abinci a lambu, na tsaya kallo. Wata daga cikinsu ta ce, "Mama, na sama na jiya ne, na ƙasa na kakanni. Ko a bakin teku haka ake yi a gane inda ruwan gishiri ya taɓa kaiwa. Abu ɗaya muke tsoro, kada jerin ya rikice."

Saura kaɗan kwanon ya suɓuce mini. Bari in koma da kai baya ka ji dalili.

Ina aji uku a firamare kogi ya cinye gefen tsohon gidanmu, aka shiga neman inda za a koma. Wuri biyu ake magana a kai: jigawa mai nisa, da nan kusa da fadama. Kaka, wato mahaifin babanmu, ya yi haƙar rijiya tun yana saurayi, amma a lokacin idonsa ya tafi. Dokarsa ita ce ba a aza tubali sai an haƙa rijiya ya duba ƙasarta. Aka fara haƙa a nan kusa da fadama. Baffa, ƙanen babanmu, shi ke shiga ramin. Duk kamu ɗaya sai ya fito da dunƙulen ƙasa ya ajiye a ƙarƙashin aduwa, ɗaya gaban ɗaya. Sai ranar da aka cim ma ruwa za a kawo Kaka.

Ni kuwa yarinya ce mai tsoron faɗa. Inna ta saba ce mini wurin da mace ta tsaya ba a ganin ko kara. Da safiyar ranar da za a kawo Kaka aka aike ni da kunu, na riga kowa zuwa. Na tarar awaki sun ɓata gindin aduwar, sai na karyi reshe na share wurin tas, har da 'yan tulin ƙasar. Sai da na miƙe na tuna na ga Baffa yana jera su. Na ruga babban tulin da ke bakin rijiya, na ɗebo kowane launi, na ƙirga goma sha biyu kamar yadda suke. Na jera su yadda ya yi mini kyau a ido: farin rairayi, jar ƙasa, yumɓu, baƙin a ƙarshe. A zatona adadi da launi ne kawai abin lura.

Da hantsi aka riƙo sandar Kaka. Ya tsuguna yana murza kowane dunƙule, ya sansana, wani ma ya ɗana a harshe. Da ya kai na ƙarshe ya tsinci 'yan ƙananan katantanwa a ciki, ya daɗe yana juya su a tafinsa.

"Ruwa ya kwana a nan," in ji shi, "amma ya yi zurfi, tun zamanin da ba wanda ya sani. Ku gina."

Aka shafa fatiha. Fiye da shekara arba'in ina istigfari a kan sharar nan, ina ɗaukarta ƙaramar ɓoye-ɓoye ta yarinta. Ban san shekaru na kifar ba.

A nan fadamar na tambayi malamar jami'ar a ina baƙin taɓon yake a bututunsu. Ta nuna mini. Bai kai tsawon hannuna daga sama ba. Inna lillahi! Ashe ba a daɗe ba ruwa na kwance a inda muke shimfiɗa tabarma.

Ban koma gida ba, wurin Baffa na nufa. Ya tsufa, yana zaune a zaure yana gyaran komar kamun kifi. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai. Ya ajiye zaren ya dube ni.

"Ashe ke ce, 'yar nan? Ni na ɗauka Allah ne ya yi mini gyara."

Na ce, "Baffa, wane irin gyara?"

"Baƙin taɓon a kamu na biyu na same shi, ko ƙuguna ramin bai kai ba. Da na ga ya koma ƙarshen layi sai na kama bakina. Jigawa ta yi wa lambuna nisa."

Ni na yi don tsoro, shi ya yi da sani, makaho kuma ya faɗi gaskiyar abin da aka sa masa a hannu. A kan wannan aka gina gidan da jikoki da tattaɓa-kunne ke kwana yau. Bara da damina laima ta hau bangon zaure har gwiwa, ciyawar kachalla kuma ta toshe wa kogi hanya. Da na gaya wa Yaya, babban wanmu, dariya ya yi, ya ce shekara arba'in ko kaza ruwa bai ci mana ba. To ni in hadari ya haɗu abinci ma ba ya shiga.

Yanzu burtsatse ake yi da inji. Ƙasar tana fitowa a cakuɗe kamar kunu, ba mai murzawa balle ya sansana. Ni dai na matsa wa ɗana har ya samo masu haƙar hannu, sun fara a jigawar da aka ƙi. Kowane dunƙule a kan faifai nake sa shi, in rubuta lambarsa da gawayi, in zauna gadi har su tashi. Yau kamu na huɗu ake ciki, rairayi ne fari. Jikata ta biyo ni da tsintsiya wai za ta gyara wurin. Na karɓe, na zauna a kai.