Saƙon Yayana da Doguwar Matar Rasha

Ana sallame asuba muka kama hanyar filin jirgi, ni da wata abokiyar kasuwancina. Jakunkunan mata za mu saro, amma ni ina ɗauke da ƙarin nauyi, wato saƙon yayana. 'Yarsa tana karatun haɗa magunguna a wata jami'a a Guangzhou ta ƙasar Sin, inda za mu, sai wani ya turo masa hotonta tana tsalle a filin ƙwallon raga. Ya ce in gaya mata ko ta bar ƙwallon nan ko ta tattaro ta dawo Kano.

Mun ya da zango a Addis Ababa, kashegari muka sauka Guangzhou. Zafin garin nan ba irin namu ba ne, kamar mutum ya leƙa tukunyar dambu. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ya kai mu unguwar Xiaobei, inda Hausa ke tashi ta ko'ina, ta Kano da ta Damagaram. Na ci taliyar da ake ja da hannu a shagon wasu Musulmin Sin. Da tsinken cin abincinsu ya gagare ni, sai na nemi cokali ba kunya.

Kwana biyu muka yi muna zarya zuwa Shiling, garin jaka. Mota muke ɗauka, kusan awa guda kan titi sumul. Farashi ya ɗaga fiye da bara, kuma duk launin da na nuna sai mai shago ya girgiza kai ya ce "mei yo", wato babu.

Ranar Asabar na tafi jami'ar da faɗana a shirye. Na tarar da 'yar tamu a ɗakin wasa cikin dogon wando da ɗan hijabi. Amma ba ita ta tsayar da ni ba. Wata Baturiya ce a tsakiyar fili, doguwar da ban taɓa ganin irinta ba, har sai da na ɗaga kai mayafina ya zame. Ta buga ƙwallo sau ɗaya, na ji ƙarar a ƙirjina.

"Gwaggo, mai horar da mu ce. 'Yar Rasha ce," in ji 'yar tamu.

Faɗa ya koma tambaya. Da aka tashi muka zauna a benci, yarinyar tana yi mana tafinta. Na fara da yatsun Baturiyar, don biyu sun karkace. Ta yi dariya ta ce aikin tare ƙwallo ne na shekara ashirin.

Ta ce tana da shekara tara wani mai horarwa ya gan ta a shagon burodi tare da mahaifiyarta, a wani gari mai tsananin sanyi, ya bi su har gida saboda tsawonta. Tana sha huɗu ta bar gida ta koma makarantar wasanni. Daga nan ƙungiyar garinsu, sai wata babba a Mosko, sai Turkiyya. Albashi ake biyanta kamar ma'aikaciyar gwamnati, abin da ya fi ɗaure min kai ke nan. Ta kusa shekara talatin sai wata ƙungiya ta kawo ta Guangzhou. A shekararta ta biyu kafaɗarta ta dama ta yage ana tsakiyar wasa. An yi mata aiki, ta koma fili, amma hannun ya ƙi ɗagawa yadda ya saba.

Na ce, "Malama, da-na-sani fa?"

Ta daɗe tana murza kafaɗar kafin ta amsa. Ta ce ba ta nadamar ƙwallo, don ita ta kai ta ƙasashen duniya, a nan ma ta yi aure ta haifi 'yarta. Abin da ke damunta shi ne ranar da likita ya ce ta gama, ta duba ba ta da takardar karatu ko ɗaya. Wata shida ta yi a ɗaki ba ta san me za ta zama ba. Shi ya sa duk yarinyar da ta faɗi jarrabawa, ba ta barin ta ko taɓa ƙwallo.

'Yar tamu ta buɗe waya ta nuna min sakamakonta. Tun da ta shiga wasan makinta ƙaruwa yake yi. Nan take na kira yayana ta bidiyo, na nuna masa sakamakon, na nuna masa shigarta, na ba shi labarin. Baturiyar ta sunkuyo sosai kafin fuskarta ta shiga wayar, ta gaishe shi.

Sai ya ce, "To, ta yi. Amma ranar da maki ya sauka, ni da ke ne."

Bayan kwana huɗu muka ba wa masu jigila kayanmu muka dawo. Na sauka Kano da ciwon ƙafa da alhakin da na jawo wa kaina. Abin da tafiyar ta koya min shi ne in riƙa zama ina tambaya kafin in isar da saƙon faɗa. Yanzu duk ƙarshen zangon karatu ni ce ta farko da ke kiran yarinyar nan in ji yadda makinta ya kasance.