Ranar da Inna Ta Kori Sista Daga Bakin Tukunya

Shekara huɗu Sista ta yi tana zuwa cocinmu, a wani ƙauye bayan Gozaki, kuma duk a kan kujera ta yi su. Baturiya ce, ma'aikaciyar jinya a Malumfashi, inda ni ma nake koyarwa. Ranar Lahadi mota ɗaya muke hawa. Da mun iso sai dattawa su sa a fito mata da kujerar fasto mai katifa, mu kuwa mu matsu a benci. In an kawo tuwo nata daban, da cokali, a rufe kamar na majinyaci. Kullum ana mana wa'azi cewa jiki ɗaya muke, amma ban taɓa jin an yi bayanin kujerar ba.

Wata rana a mota ta ce, "Malama, sai yaushe zan daina zama baƙuwa?" Wa'adin aikinta ya kusa cika, tana shawarar ko ta ƙara ko ta koma gida. Na ce ai girmamawa ce. Ta ce ta sani, abin da ke damunta ke nan.

Sai bikin godiyar kaka ya zo. Zumuntar mata ke da girki, mahaifiyata ce shugaba. Sista ta ɗaura zani, ta wuce kujerar, ta zagaya bayan coci ta karɓi muciya. Mata suka yi cirko-cirko. Ba wadda ta iya gaya mata cewa ba a juye gari gaba ɗaya.

Inna ta leƙa tukunyar.

"Ke! Wa ya koya miki tuƙi? Dawar baikon coci ce fa wannan! Dubi gudaji kamar tsakuwa. Matsa, je ki wanke kwanuka."

Na ce a hankali, "Inna, Sista ce fa."

"Na gan ta, Malama. In haka take allura, Allah ya kiyaye mutanen Malumfashi."

Sista ta ce, "To, Mama." Ta tafi wajen kwanuka fuska jawur, tana dariya har da hawaye. Ranar tare muka ci, hannu biyar a kwano ɗaya, muna tsince gudajinta.

Ta ƙara wa'adin. Kujera ta koma wa fasto, bai kuwa yi ƙorafi ba. Har Sista ta bar ƙasar nan, shekaru bayan haka, Inna ba ta sake ba ta muciya ba.