Ƙofofi Huɗu Masu Kallon Rumfar Mai Shayi

Abin da na fara gani ranar da na shiga sabuwar makarantarmu a Gashuwa shi ne turaku. Ƙanana ne, na katako, an kakkafa su a fili kusa da get, an zagaye su da farin zare. A gefen da ke kallon titi an zuba farar ƙasa ta yi layi, an bar giɓi huɗu. Gwaggo ta yi gaba tana ɗingisawa zuwa ofishin shugaban makaranta, ni kuwa na tsaya ina ƙirga giɓin. Na san su. Ƙofofi ne. Na bi inda suke kallo da ido, sai ga rumfar mai shayi a tsallaken titi, da benci biyu cike da masu keke napep.

A Nguru aka haife ni, can na yi karatu har aji uku na sakandare. Gwaggo yayar babana ce. Da ciwon gwiwa ya matsa mata, 'ya'yanta kuma duk sun yi aure, sai ta roƙi a ba ta ni. Shi ya kawo ni Gashuwa.

Irin waɗannan turakun na taɓa ganinsu a makarantarmu ta Nguru. Banɗakin mata aka gina mana, aka shafa masa shuɗin fenti. Ranar buɗewa aka jera mu muna tafi, aka ɗauki hoto, farar mota ta tafi. Ƙofofinsa filin ƙwallon maza suke kallo. Yarinya ɗaya na san ta taɓa shiga. Tana fitowa samari suka sa mata ihu, ta yi sati ba ta zo makaranta ba. Kafin ƙarshen zango maigadi ya mayar da wurin ma'ajiyar harawar ragonsa.

A Gashuwa na tarar tsohon makewayi ya rufta tun damina. Maza suna zagawa bayan katanga. Mu mata muna riƙewa har a tashi. Dabarar guda ce: kada ki sha ruwa. Da ita na zo daga Nguru, na tarar nan ma kowa ta iya ta, ba tare da an taɓa faɗinta da baki ba. Ga shi bazara ce. Kafin azahar leɓe ya bushe, kai ya ɗauki sara, rubutun allo ya riƙa rawa. Akwai randuna uku a gindin darbejiya, amma hannun maza kawai ke kan moɗa.

Mace ce ke kula da aikin sabon banɗakin mata. Leburori na kiranta Injiniya, ita kuwa tana cewa ita ba injiniya ba ce, manajar aiki ce, nata shi ne ta ga an fara a kan lokaci, an gama a kan lokaci. Tana ɗora hular kwano ruwan ɗorawa a kan hijabinta, shi ya sa muka sa mata Anti mai hular kwano. Kullum da wani baƙin littafi a hannunta.

Da na ba Gwaggo labarinta, sai ta ce, "A wace mota ta zo?"

"Fara ce, Gwaggo."

"To ki wanke hijabinki, hoto za a yi."

A satina na biyu aka tara mu mata a babban ɗakin taro. Shugaban makaranta ya zauna a gaba, ga mataimakinsa, ga malamai maza shida, ga wani dattijo shugaban iyayen yara. Anti ta miƙe ta ce an riga an auna wuri, amma tana so ta ji daga bakinmu.

"Wurin ya yi muku?"

Shugaban makaranta ya sauke tabarau ya dube mu.

"Ba ku ji ana tambayarku ba ne?"

"Ya yi!" muka ce gaba ɗaya, har da ni.

Wa za ta buɗe baki ta yi zancen banɗaki a gaban sa'o'in babanta? Ko a gida, idan Baba yana tsakar gida, jira nake ya shiga ɗaki kafin in ɗauki buta. Na ga Anti ta rubuta wani abu a littafinta. Na ce a raina, shi ke nan, ta samu abin da ta zo nema. Da gangan ta tambaye mu a gabansu, don ta san ba abin da za mu ce sai ya yi.

Daga ranar na sa mata ido. Tagar ajinmu tana kallon wurin aikin, ni kuma a bakin taga nake zama. Tana riga leburori zuwa. Wata rana aka sauke bulo, ta ɗauki guda ta ɗaga daidai ƙirjinta ta sake shi, ya wargaje kamar ƙuli. Ta sa aka mayar da shi mota duka. Ɗan kwangilar, wani mai ƙaton tumbi da carbi, ya yi ta binta yana, "Haba Injiniya, haba ranki ya daɗe." Ko ɗaga murya ba ta yi ba. Wannan bai sa na yarda da ita ba. Na ce ƙila akwai wani nata mai buga bulo da take so a saya a wurinsa. Ban taɓa ganin ta ɗauki hoto ba, wannan ma sai ya ƙara mini zargi. Na ce tana tara shi ne sai ranar ƙarshe.

Abin da ya fi damuna shi ne zamanta idan an fita tara. Sai ta zo ta zauna a kan wani dutse kusa da randuna, ba ta magana da kowa, tana kallon masu shan ruwa. 'Yar bencinmu, wata Babadiya 'yar asalin garin, mai bakin tsiya, wadda ita ce ƙawata ɗaya tilo a lokacin, ta ce, "Wallahi 'yar rahoto ce. Masu makara take rubutawa."

Ran wata Laraba jiri ya ɗebe ni a bakin aji, na dafa bango na tsuguna. Ina ɗago kai na ga takalmanta a gabana. Ta miƙo mini gorar ruwa. Na girgiza kai.

"Azumi kike, ƙanwata?"

"A'a, Anti."

"To me ya sa?"

Na kalli ƙasa. Ta daɗe a tsaye, har na ji kamar in nutse. Daga baya ta ajiye gorar kusa da ƙafata ta tafi. Ban sha ba sai da aka tashi.

Washegari na ji ɗan kwangila yana gaya wa leburori ranar Litinin za a fara haƙa. Da zarar an zuba kankare, magana ta ƙare, za mu samu ma'ajiyar harawa ta biyu. Ni ba zan iya faɗa mata da baki ba. Sai na yage takarda a tsakiyar littafin lissafina, na zana ɗaki mai ƙofa huɗu, na zana get, na zana rumfa. A ƙarƙashin rumfar ban zana mutane ba, idanuwa kawai na zana, da yawa, na ja layi daga kowane ido zuwa ƙofofin. Ban rubuta ko kalma ɗaya ba, kada a gane rubutuna. Ranar Juma'a da ta cire hular kwanonta ta shiga ofis ta bar ta a kan yashi, na wuce kamar zan zubar da shara, na cusa takardar a ƙarƙashin hular. Na koma aji da sauri.

Ranar Litinin leburori suka zo da diga da shebur. Ta ce su dakata. Muna kallo ta taga ta fita get, ta tsallaka titi, ta zauna a bencin mai shayi a tsakiyar maza. Ajinmu ya ɗauki salati. Ƙawata ta ce, "Lallai matar nan ba ta da ta ido." Daga baya muka ji cewa wani mai keke ya ce mata, "Hajiya, ɓatan hanya kika yi?" ta ce, "A'a, kallo na zo yi, na ji an ce nan ne silima." Ta sa aka haɗa mata shayi, ta sha a hankali, idonta a kan turakun. Da ta dawo sai ta shiga ofishin shugaban makaranta, ɗan kwangila ya bi ta. Muryarsa kawai muke ji: an riga an sa hannu a zane, nan ne tifa ke iya shigowa, damina na tafe. Da azahar leburori suka saɓa digarsu suka tafi. Farar mota ma ta tafi.

Talata ba ta zo ba. Laraba ba ta zo ba. Akuyoyi suka tsinka zaren, iska ta share farar ƙasar. Maza suka fara yi mana tsiya wai mun cika tsirfa, mun kori aiki. Wata 'yar aji shida ta rantse cewa idan ta gano wadda ta kai gulma sai ta gane kurenta. Ni kuwa ko abinci na kasa ci. Da ban yi zanen nan ba, ko ba komai da gini ya tsaya, ƙila wata rana a kewaye shi da zana. Yanzu ga shi babu tsuntsu babu tarko. Kuma na ƙara tabbata cewa dama hanyar gudu take nema, ni na ba ta.

Gwaggo ta lura. Da na gaya mata abin da na yi, ta daɗe tana shafa gwiwarta.

"Ke da ko gaisuwa sai an saurara da kyau ake jin ki, ashe ke ce mai korar 'yan kwangila?"

"Gwaggo, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ci tuwonki. In ta Allah ce za ta dawo, in ta hoto ce dama ba ki yi asarar komai ba."

Ranar Talatar satin da ya biyo baya ta dawo. Ta sa aka tara mu a bayan ajujuwan mata, ba namiji ko ɗaya, sai malamar girke-girke. Ta cire hular ta zauna a ƙasa kamar mu.

"Na yi kuskure," in ji ta. "Na tambaye ku a gaban iyayenku maza. Ni ma mace ce, ya kamata in sani. Sati biyu ina zaune gindin randa ina ganin ba mai sha a cikinku, ban gane ba sai da wata ta zana mini."

Na sunkuyar da kai har haɓata ta taɓa ƙirji. Can sai ƙawata ta ce, "Anti, tsakani da Allah, ko ke ce, za ki shiga mai shayi na ƙirga miki minti?" Aka fashe da dariya, ita ma ta yi. Daga nan baki ya buɗe. Wata ta ce a sa famfo a ciki, ba a waje ba. Wata ta ce a sa sakata mai ƙarfi. Tana ta rubutawa. Ta ce satin da ba mu gan ta ba tana ofishinsu ne tana fama a sake zane, sai da ta kai su ga yarda cewa jinkirin sati ya fi ginin da ba mai shiga. Za a dawo da shi nan inda muke zaune, ƙofofi su kalli katanga, a kuma ja wani ɗan bango a gabansu.

Da aka watse ina ƙoƙarin sulalewa, ta ce, "Mai zaman taga, tsaya." Ta buɗe baƙin littafin, ga takardata a ninke a ciki.

"Takardar lissafi ce, kuma ke kaɗai kike kallon turakun can kamar sun ci miki bashi. Kada ki ji tsoro, ba wanda zai ji."

Ta rufe littafin ta ci gaba.

"Kin san yadda na fara aikin nan? Riƙe bakin igiyar awo nake yi wa wani ogana a wajen Yusufari. Muka kafa famfo a ƙofar masallaci saboda nan ne tsakiyar ƙauye. Mata suka ci gaba da tafiya tsohuwar rijiya, don ba za su ɗebi ruwa a gaban maza ba. Shekara nawa ke nan, ga shi na kusa maimaitawa. Aikin nan rabinsa takarda ne da jadawali, wannan ana koyonsa a makaranta. Ɗaya rabin kuwa gane abin da mutane suka ƙi faɗa ne. Shi har yanzu koyo nake."

Maganar ta yi mini daɗi, amma daɗin baki ai na Nguru ma sun yi mana. Na dubi filin. Babu turke ko ɗaya tukuna. Kuma daga inda nake tsaye na hango abin da ita ba ta gani ba, saboda ta ba shi baya: tagar ƙarshe ta ɗakin malamai, wadda malamin tarihi ke zama a bakinta yana cin gyaɗa. Idan aka matsa da ginin taku biyar zuwa hagu, bishiyar tsamiya za ta tare shi. Idan ba a matsa ba, mun gudu daga mai shayi mun faɗa hannun malamin tarihi.

Bakina ya bushe, wannan karon ba don ƙishirwa ba. Na ce, "Anti."

"Na'am, ƙanwata."

"Gobe idan za a kafa turakun, don Allah kada a buga ko ɗaya sai na zo. Ki bar ni in riƙe bakin igiyar."