Mai Jar Kwat a Bangon Alƙibla

Ɗakin da na kama a Old Trafford, shekarar da na zo karatu, na wani tsohon Bature ne. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini kafin ya koma wurin 'yarsa a Birmingham: kada in sauke zanen da ke bango. Shi ya zana shi da fentin mai tun yana saurayi. Hoton layinmu ne cikin hunturu, ƙanƙara ta rufe titi, ga wata mata da jar kwat tana tsallakawa. Matarsa ce, ta daɗe da rasuwa.

To, bangon nan shi ne alƙibla. Ni da aka tarbiyyantar a Kano, in yi sujada ga hoton mace a gabana? Haba! Sai na riƙa juya fuskarsa bango in zan yi salla, in mayar in na idar. Sau biyar a rana fa. Da na gaji, na bar shi a juye. Ai ban sauke ba, in ji ni.

Wata huɗu yana haka. Ashe bangon laima yake sha.

Ranar da 'yar ta bugo waya cewa suna hanya, tsoho yana son zanensa, sai na juyo shi. Innalillahi! Fumfuna ta cinye tsakiyarsa, matar ta koma baƙa ƙirin. Na sa tsumma na goga, fentin ya biyo tsumman. Na zauna, na tashi, na leƙa taga ya fi a ƙirga. Wallahi tsoro ya kama ni, ga kunya.

Da suka iso, 'yar ce ke riƙe da hannunsa. Ashe idanunsa sun tafi. Ta dubi zanen, ta dube ni. Shi kuwa ya miƙa hannu yana laluben zanen, ya wuce fitilar titi, ya wuce rufin gidaje, ya tsaya daidai wurin matar.

“Jan nan bai dushe ba?” ya tambaya.

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, 'yar ta riga ni.

“Yana nan, Baba, kamar jiya ka shafa.”

Ya yi murmushi, ya juyo inda yake jin numfashina.

“Na gode da kika kula mini da ita,” in ji shi.

Na ce ba komai.